Wutar Lantarki a Rumfar Noman Zamani: Tambayoyin da Manoman Gombe Suka Fi Yi

Tun da noman tumatir da tattasai da kokwamba a cikin rumfar leda da raga ya fara karɓuwa a wajajenmu, abin da 'yan boko ke kira girinhawus, kusan tambayoyi iri ɗaya ake ta kawo mana mu masu aikin wuta. Abin takaicin, yawanci sai an kafa ƙarafa, an ja leda, an yi dashe, sannan a tuna da mu. Ga tambayoyin nan yadda masu su suka saba yin su. Duk lissafin da ke ciki misali ne a kan rumfa mai faɗin mita 8 da tsawon mita 24, wadda ita aka fi gani a nan.

Malam, wai dole ne sai da wuta? Na ga wasu rumfunan ko waya ɗaya ba a ja musu ba.

Ba dole ba ne a ce akwai waya a cikin rumfar kanta. Rumfa mai tsayi, mai raga a gefe da kafar fitar iska a sama, wadda ake ba ruwa daga tankin da aka ɗora kan ƙarfe, tana iya shekara ba ta ga soket ba. Amma ruwan da ke cikin tankin nan ba da kansa ya hau ba. Ko ba komai akwai famfon da ke jawo shi daga rijiyar burtsatse ko daga magudana. To ka ga wuta ta shigo ke nan, ta bayan gida.

Shukar da ke cikin rumfa ba ta da gatan ta fili. Ruwan sama ba ya taɓa ta, saiwarta a taƙaice take a kunya ko a cikin leda, ga zafin da rufin ke tarawa. Tumatir ɗin lambu zai iya jure kwana biyu ba ruwa ya farfaɗo. Na rumfa, a watan Afrilu, wuni ɗaya ya ishe shi ya zubar da fure.

Da me ake farawa, janareta ko sola ko neman mita?

Da takarda da biro. A rubuta duk abin da zai ci wuta, ƙarfinsa, da awa nawa zai yi yana aiki a rana mafi tsanani a shekara, wato tsakar bazara, ba lokacin hunturu da komai ke lafiya ba. Ƙarfin kowane inji yana rubuce a jikinsa. Idan da doki aka rubuta, doki ɗaya wat 746 ne. Kilowat ɗaya da ya yi aikin awa ɗaya shi ne yunit ɗaya, irin wanda mita ke cinyewa.

A ɗauka Alhaji yana da rumfa huɗu. Samo, wato famfon da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse, mai kilowat 1.1 yana aikin awa 5, yunit 5.5 ke nan. Famfon tura ruwa cikin tiyo mai kilowat 0.75, awa 2, yunit 1.5. Ƙwayayen fitilar tsaro goma masu wat 20, awa 11, yunit 2.2. Duka-duka yunit 9 da ɗan wani abu a rana. 

To bari a ce za a sa wa kowace rumfa babbar fankar zuƙe iska mai kilowat 1.1, da ɗan famfon jiƙa katifar sanyaya iska mai kilowat 0.37, suna aikin awa 7. Fankoki huɗu sun ci kusan yunit 31, famfunan sun ci fiye da 10. Lissafin ya tashi daga 9 ya koma 50. Shawara ɗaya tak, ta sa fanka ko kada a sa, ta ninka buƙatar gonar sau biyar. Shi ya sa ba na yarda in faɗi girman janareta ko yawan farantan sola sai an gama wannan maganar.

Bayan an tara, a ƙara rubu'i a kai, domin mota, wato injin da ke juya famfo ko fanka, tana jan abin da ya ɗan zarce na jikin takardarta, kuma manomi bai taɓa tsayawa a rumfa huɗu ba in dai ya ga riba. Sannan a raba jerin gida biyu: abin da shuka za ta mutu in ya tsaya, da abin da zai iya jira. Ruwa da iska a gida na farko. Fitilar ofis da cajin waya da fankar ɗakin maigadi a na biyu. A jikin allon rarraba wuta ma haka za a raba su, kowane da birekarsa, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, don ranar da wuta ta yi ƙaranci a san abin da za a kashe ba tare da tsayawa tunani ba.

To fankar nan, tana da amfani kuwa a zafin Gombe?

Tana da shi sosai, amma da sharaɗi, kuma a nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta.

Tumatir ya fi son zafin da ke tsakanin digiri 21 zuwa 27 da rana. Da zarar ya zarce 32 zuwa 35 kwana da kwanaki, ƙurar furen ta lalace, fure ya riƙa faɗuwa ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. Mu kuwa a Maris da Afrilu digiri 40 a inuwa ba labari ba ne, cikin leda kuma ya fi haka. Fanka ita kaɗai ba ta sanyaya komai. Iyakarta ta fitar da iskar ciki ta shigo da ta waje, don haka ba za ta iya saukar da zafi ƙasa da na waje ba. Abin da ke sanyayawa shi ne katifar da ake jerawa a ɗaya bangon, ruwa yana tsiyaya a jikinta, iska ta ratsa ta. Dabarar randa ce, ba wata sabuwa ba. Kuma kamar yadda ruwan randa ya fi sanyi a lokacin da iska ke bushe, haka wannan. Daga Fabrairu zuwa Afrilu tana iya sauke zafi da digiri goma ko fiye. A watan Agusta da iska ta cika da laima kuwa, kusan wutarka kawai kake ƙonawa.

Sharaɗin shi ne rumfar ta zama a rufe ruf. Idan gefenta raga ce, fankar za ta zuƙo iska ta ragar da ke kusa da ita ne ta sake fitar da ita, tsakiyar rumfar na nan yadda yake. Na sha zuwa gona in tarar da fanka ta dubban ɗaruruwa maƙale a rumfar raga, tana ta gurnani, ganye ko motsi ba ya yi taku goma daga gabanta. Mai rumfar raga, abin da ya fi masa shi ne ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 50 na rana, ko ya shafa farar ƙasa a bayan ledar kafin bazara, ruwan farko ya wanke masa. In ya so ya ƙara 'yan ƙananan fankoki masu juya iska a ciki, waɗanda ba su da ci.

Wanda kuma ya zaɓi rufaffiyar rumfa, ƙa'idar ita ce a sauya iskar ciki gaba ɗaya sau ɗaya a kowane minti. Rumfa mai 8 da 24 da tsayin kusan mita 4 tana ɗauke da iska wajen kubik mita 770 (faɗi sau tsawo sau tsayi), wato kusan kubik mita 46,000 a awa. Babbar fanka mai inci 50 tana fitar da kusan hakan. Sai dai ni na fi son matsakaita biyu a kan babba ɗaya, don in ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe. Kuma ya sani ya ɗaura wa kansa alƙawari: rufaffiyar rumfa in wuta ta ɗauke da azahar, cikin 'yan mintoci ta koma tanda. Dole a sami ƙofa ko labulen gefe da yaro zai iya naɗewa da hannu a guje.

Wani kamfani ya ba ni tsari har da fitilun girma da na'urar ɗumama rumfa. In saya?

A'a. Wannan tsarin ƙasashen sanyi ne irin su Holan, inda rana ke gajarta a hunturu. Mu a nan tsawon wuni bai cika yin nisa da awa 12 ba duk shekara, kuma matsalarmu yawan rana ce, ba rashinta ba. Sanyin asubar Disamba da Janairu sauke labule da dare ya wadatar masa.

Gonata tana kusa da layi. Wutar NEPA ba za ta wadatar ba?

Idan akwai ta, a ɗauka, don har yanzu ta fi man dizal sauƙi. Amma kada a gina rayuwar shuka a kanta ita kaɗai. Kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda ke kula da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai, shi za a nema, kuma abin da ya kamata a fara tambaya shi ne rukunin da layin yake. Rukunin A shi ne na aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Tun watan Afrilun 2024 kuɗin rukunin A ya yi tsalle sosai, a sa wannan a lissafi. Amma yawan awa ba shi ne duka labarin ba. Awa 12 da ke zuwa da tsakar dare ba ta yi wa fanka ranar komai ba. Kafin a kashe ko kwabo, a samu maƙwabci mai injin niƙa ko mai walda a kan layin nan a tambaye shi wane lokaci take zuwa, kuma da ƙarfi ko lo-karan. Shi ya fi kowa sani.

Mutanen nan ba su manta da 2024 ba, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, yankin arewa maso gabas ya daɗe a duhu. Ga madatsar Dadin Kowa a gefenmu da injinan megawat 40, amma wutarta layin ƙasa take shiga, zama kusa da ita bai ba gonar kowa tabbaci ba.

Wani abu kuma, tunda an ce kusa da layi: ba a kafa rumfar ƙarfe a ƙarƙashin waya. Hurumin layin 11kV da 33kV mita 11 ne, na 132kV mita 30, na 330kV mita 50. Mai ɗaga bututun ƙarfe mai tsawon mita shida a ƙarƙashin 33kV ba sai ya taɓa wayar ba kafin wuta ta kama shi.

Fes ɗaya ko fes uku?

In famfo ne kawai da fitilu, fes ɗaya mai bolt 230, wato waya ɗaya mai wuta irin ta gida, ya isa. Da zarar manyan fankoki sun shigo, ko samo ya wuce doki uku, a nemi fes uku mai bolt 400, wato wayoyi uku masu wuta. Motar fes uku ta fi ƙarko, ta fi sauƙin tashi, wayarta ma ba ta buƙatar kauri sosai.

Tana da maƙiyi ɗaya: faɗuwar fes. Fiyus ɗaya ya tsinke a taransifoma, biyu na nan da wuta, motar ba za ta tsaya ba, za ta ci gaba da juyawa tana nishi har ta ƙone. Na taɓa zuwa wata gona da aka rasa fankoki uku a yammaci ɗaya ta haka, maigadi yana zaune a gindin bishiya yana jin ƙararsu yana ganin ai lafiya lau. Na'urar da ke yanke wuta idan fes ya faɗi ko bolt ya yi ƙasa, kuɗinta bai kai na naɗin mota ɗaya ba. Kowace mota kuma a sa mata abin kariya daga jan wuta fiye da kima, a saita shi daidai da amp ɗin da ke rubuce a jikinta, ba a mayar da shi ƙarshe don kada ya riƙa damun mutane ba.

Ranka ya daɗe, sola fa? An ce in ka sa ka huta.

Ka huta da sayen mai, ba ka huta da kulawa ba. Amma gaskiya babu sana'ar da sola ta dace da ita kamar wannan, domin lokacin da shuka ta fi neman ruwa da iska shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Buƙata da samu suna tashi tare, suna sauka tare.

A yankinmu ana lissafi da awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Ni da 5 nake yi, in kuma cire rubu'i saboda zafi da ƙura da asarar waya da inbata, wato na'urar da ke juya wutar faranti ta koma irin ta gida. Gonar nan ta yunit 10 za ta nemi kusan kilowat 2.7, wato faranti biyar ko shida masu wat 550. Ta yunit 50 kuwa, fiye da kilowat 13, faranti wajen 25. Mutane suna mamaki in an ce zafi na rage ƙarfin faranti, amma haka ne: haske yake so, ba ƙuna ba, kuma duk digirin da jikinsa ya ƙaru sama da 25 yana rage masa kusan kashi ɗaya cikin ɗari uku. Don haka a ɗaga shi daga ƙasa iska ta riƙa ratsa bayansa. A fuskantar da shi kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15, ruwa ya riƙa gangarewa.

Hazon hunturu shi ne babban ɓarawo. Kwana huɗu ba a goge ba sai ka ga samo ya fara kasala, a yi ta zargin mai sayarwa. A wanke da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da tsumma mai laushi. Ba a watsa wa faranti ruwan sanyi da tsakar rana.

Zan iya ɗora farantan a kan rufin rumfar, in rage ɓarnar fili?

Kar ka soma. Za su tare wa shuka haske, ƙarafan ba don ɗaukar nauyinsu aka yi su ba, kuma guguwar farkon damina za ta samu abin kamawa. A yi musu nasu gadon, ko a ɗora su kan ɗakin ajiya.

Batir nawa zan saya?

Ƙasa da abin da mai shago zai faɗa maka. Batir shi ne mafi tsada kuma mafi saurin mutuwa a duk tsarin, don haka tambayar ita ce me zai yi aiki bayan faɗuwar rana. A yawancin gonaki amsar ita ce fitilun tsaro, kyamara in akwai, da agogon buɗe ruwa. Wannan ɗan batir ya ishe shi.

Ruwa kuwa, a ajiye shi a matsayin ruwa. Rumfa ɗaya tana ɗaukar tushen tumatir wajen 500, kowane yana shan lita biyu ko fiye a rana idan ya girma a lokacin zafi. Rumfa huɗu lita 4,000 zuwa sama ke nan, ban da na katifar sanyaya iska, wadda ita ma mashayiya ce. Samo ya sha rana kai tsaye ta na'urarsa ba tare da batir ba, ya cika tankunan da za su ɗauki ruwan kwana biyu ko uku. Tanki ba ya kumbura, ba ya neman ruwan batir, ba a cika sace shi da dare ba. Tsayin mita 10 yana ba da ƙarfin turi na bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin turin ruwa), wanda yawancin tiyon ɗigo ke so, akwai kuma ƙananan tiyo da ke aiki da tankin da aka ɗaga mita biyu kacal. In an dace da wannan, famfon turi ma ya fita daga lissafi.

Idan dai sai an sayi batir: na ruwa ba a zuƙe shi fiye da rabi, kuma zafi na cin ransa, kusan duk ƙarin digiri 10 sama da 25 na raba kwanansa biyu. Na litiyam ana iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa, ya fi daɗewa, ya fi tsada a farko. Ko wanne ne, ba a ajiye shi a cikin rumfa ko a kwantenar da ke gasuwa a rana. Ɗakin ƙasa mai tagogi biyu ya fi masa.

Ni a Dukku nake, ruwanmu na da nisa. Lissafin ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, Alhaji. Wanda ke Kwadon ko gefen kogin Gongola a Dadin Kowa, ruwa na kusa da shi, ƙaramin famfo ya ishe shi. A wajajen Dukku da Kwami da wasu sassan Akko ruwa na da zurfi ƙwarai, kuma wutar da famfo ke ci tana tafiya ne da zurfin da zai ɗago ruwan. In zurfi ya ninka, wuta ta ninka. Kada a sayi samo sai mai haƙa ya ba da sakamakon gwaji: inda ruwa ya tsaya, inda yake sauka in ana ja, da lita nawa rijiyar ke bayarwa a awa. Samon da ya fi ƙarfin rijiya zai tsotse ta ya ci gaba da juyawa a bushe, kuma ruwan ne ke sanyaya shi. A sa masa na'urar tsayarwa idan ruwa ya ƙare, tanki kuma a sa masa makunni mai yawo a kan ruwa, wanda ke kashe samo in tankin ya cika.

Janareta mai girman nawa?

Abin da ke jikin janareta kVA ne, ba kilowat ba. A ninka da 0.8 a samu kilowat. Gonar misalinmu in komai na aiki tare tana jan kusan kilowat 8, wato kVA 10. Amma mota a lokacin tashi tana fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci in ta daidaita, na 'yan daƙiƙu. Don haka kVA 15 ya fi kwanciyar hankali, kuma a riƙa tayar da injina ɗaya bayan ɗaya, babba tukuna.

Kada kuma a zarce. Wasu na ganin girma shi ne mutunci, su ɗauko kVA 60 su ɗora masa fitilu da famfo ɗaya. Injin dizal da ke aiki ƙasa da sulusin ƙarfinsa kullum yana tara baƙin mai a salansa, ga shan mai a banza. In an ɗora masa daidai, lita ɗaya tana ba da yunit uku ko ɗan fiye. Yunit 50 a rana lita 15 zuwa sama ke nan. Ninka da kuɗin lita a yau, ninka da kwana 90 na bazara, ka ajiye kusa da kuɗin faranti 25, sai ka yanke wa kanka.

A kafa shi nesa da rumfa, ta gefen da iska ba za ta kai hayaƙinsa bakin katifa ba. Akwai wata iska a hayaƙin inji da tumatir ba ya jurewa ko kaɗan, ganye ya lanƙwashe ƙasa, fure ya zube, a yi ta fesa magani ana neman cutar da babu ita. Sannan dole a sa cenji-oba na gaskiya, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta gari. Haɗa janareta kai tsaye da wayar da ke haɗe da layin gari na iya kashe ma'aikacin da ke kan turke a can nesa.

Mai wayarin ya ce waya 2.5 ta isa ko'ina. Gaskiya ne?

A cikin gida, ga soket, e. A gona, nisa ne ke magana. Waya mai kaurin 2.5 tana zubar da kusan bolt 0.018 a kowane amp a kowace mita. Famfo mai jan amp 10 a nisan mita 150 zai rasa bolt 27 a hanya, kusan kashi 12 cikin ɗari, alhali bai kamata a wuce kashi 5 ba. In dama wutar ta zo a raunane, abin da zai isa ga famfon bai kai 200 ba, sai ya yi zafi ya mutu, a ce jabu ne. Waya mai kaurin 6 a wannan nisan bolt 11 kawai za ta zubar.

A sayi ta jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da wadda aka yi wa fenti da jan ƙarfe cikinta alminiyam ne, a kankare bakinta da wuƙa a gani. Tsakanin gini da gini a binne mai sulke, zurfin kamar santimita 60, yashi a ƙasa da sama, a jera bulo ko leda mai launi a kai don mai fartanya ya san ya iso. A zana taswirar inda ta bi a manna a ɗakin wuta. Cikin rumfa kuma a zura ta a bututun roba, a bi da ita ta sama, kada ta kwanta a kunya. Ɓera da gara ba sa tambayar kuɗin waya.

Ma'aikatana na cewa ƙarfen rumfa na ɗan jan su in sun jiƙe. Abin damuwa ne?

A kashe wutar yau, ba gobe ba. Rumfa ƙarfe ce tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa, masu aiki a ciki da silifas ko ƙafa ba takalmi, hannu da ruwan taki, wanda ya fi ruwan banza ɗaukar wuta saboda gishirin da ke cikinsa. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amp ɗaya ba yana iya tsayar da zuciya. Birekar da aka saba da ita waya take karewa, ba mutum ba. Sai wuta ta wuce amp 16 ko 32 take faɗuwa. Akwai wata daban mai gane yoyon wuta, wadda ake rubuta 30mA a jikinta, da ɗan maɓallin gwaji. Ita za a sa wa duk layin da ya shiga rumfa ko ya je famfo, a riƙa danna maɓallin lokaci-lokaci. In tana yawan faɗuwa, ba ita ce ta lalace ba, tana faɗa maka akwai yoyo ne. Wanda ya ce bari ya tsallake ta, a sallame shi.

Kowace rumfa, da gadon sola, da jikin janareta, da tankin ƙarfe, a ɗaure su da wayar atin, wadda ke zubar da yoyon wuta cikin ƙasa, zuwa sandunan da aka kafa a ƙasa. A auna atin ɗin da na'ura, kuma a watan Maris za a auna, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, don a damina kowane atin kyau yake nunawa. Soket da makunni da akwatin haɗi su zama masu murfi da roba, waɗanda aka rubuta IP65 a jikinsu. Babban allon kuwa a wajen rumfa, a inuwa, a toshe duk wata kafa, in ba haka ba tsaka da zanzaro za su tare a ciki.

Tsawa fa?

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni ne muka fi karɓar inbata da na'urar samo da suka ƙone. Ba sai aradu ta faɗa kan gonar ba, ta sauka nesa ma tana turo wuta ta cikin dogayen wayoyi. A sa abin tare fizgar wuta a babban allo, a sa wani a gefen wayar sola, dukansu a haɗe da atin mai kyau, in ba atin ado ne kawai. In hadari ya haɗo baƙi ƙirin, kashe na'urori masu tsada ba ƙauyanci ba ne.

Ina so in haska cikin rumfa da dare saboda ɓarayi.

Haska shinge da ƙofar gona, ka bar rumfar a duhu. Fitila a bakin ƙofar rumfa gayyata ce ga malam-buɗe-littafin dare, har da uwar tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa tumatir ɗin Arewa kaca-kaca a 2016. In ma za a yi amfani da haske a kanta, tarko ake yi: ƙaramar fitila a kan kwanon ruwa da ɗan sabulu, can nesa da ƙofa.

Malam, ni mace ce mai rumfa biyu, ina so in ƙara ɗakin sanyi nan gaba. In jira sai lokacin?

Hajiya, sayen injin ya jira, amma wurinsa kada ya jira. Tun yanzu a sayi allo mai guraben bireka da suka rage, a binne bututun da babu komai a ciki zuwa inda ɗakin zai zauna, a zaɓi inbata irin wadda ake iya haɗa ta da 'yar'uwarta. Haƙa rami sau ɗaya ya fi fasa kunya ana tsakar girbi. Ɗakin sanyi shi ne zai fara cin wuta dare da rana a gonarki, don haka lissafin batir zai sake gaba ɗaya ranar da ya zo. Abin da zai rage miki nauyi: tumatir ba ya son sanyin firji. Digiri 12 zuwa 13 ya ishe shi, ƙasa da 10 ma lalata masa ɗanɗano da jiki yake yi.

Wa zan ba aikin, kuma me zan karɓa a hannunsa in ya gama?

Wanda ke da shaidar aikin wayarin daga NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin wutar lantarki. In aikin ya kai ga kafa taransifoma, sai da injiniya mai rajistar COREN, majalisar da ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma hukumar NEMSA ta duba kafin a saka wuta. Ka lura da shi tun zuwan farko: in bai tambayi zurfin rijiya ba, bai auna nisa da ƙafarsa ko da tef ba, bai tambayi me za ka shuka ba, ya fara faɗin kuɗi, nemi wani.

Kafin ka biya cikon kuɗi, ya ba ka zanen layukan a takarda, ya rubuta sunan kowace bireka a jikinta da Hausa yadda maigadi zai karanta, ya rubuta maka sakamakon awon atin da bolt ɗin da ke isa ga famfo mafi nisa yana cikin aiki. Sannan a yi gwaji a gabanka da tsakar rana: a yanke wutar gari ba tare da an gaya wa yara ba, ka riƙe agogo, ka ga minti nawa za a ɗauka kafin fanka ta sake juyawa ko a naɗe labule. In ya wuce minti goma, a sake gwadawa washegari.